Yadda Ake Fitar Da Abin Da Ya Faɗa Cikin Silindar Injin Mota

Duk wanda ya kwance fulogi, ko ya sauke manifol, wato bututun da ke raba iska ga silindoji, ko ya cire matatar iska, to ya buɗe wa cikin inji ƙofa, kuma ta wannan ƙofar ce noti ko wosha ko guntun farin tangaran na fulogi ke zamewa ya faɗa cikin silinda. Abin yakan faru cikin ƙiftawar ido: mutum ya zaro fulogi ya ga bakinsa a gutsure, ko ya ji ƙarar ƙarfe ta ɓace cikin rami bai ji ta sauka a ƙasa ba. Daga wannan lokacin ƙa'ida ta farko ita ce hannu kada ya kai ga makulli. Injin da ba a tayar ba, abin da ke cikinsa yana kwance ne kawai a kan fistin, bai ɓata komai ba tukuna, kuma sau da yawa ana iya fitar da shi ta ramin da ya shiga ba tare da an kwance kan inji ba.

Dalilin wannan tsanantawa yana cikin yadda aka ƙera injin. Idan fistin ya hau ƙololuwa, tazarar da ke tsakanin gefensa da kan inji, wanda kanikawa ke kira tof, ba ta wuce kimanin milimita ɗaya ba a injuna da yawa, a injin dizal kuwa takan gaza haka. Injin da ke aiki a tsaye a juyi 750 cikin minti ɗaya yana kai kowane fistin sama fiye da sau 12 a daƙiƙa guda, idan kuma aka taka shi ya kai juyi 3000, sau 50 ke nan. Fistin da tof na yawancin motocin yau da alminiyam ake yin su, wanda ya fi ƙarfen noti taushi nesa ba kusa ba. Saboda haka cikin 'yan daƙiƙu abin da ya faɗa zai sassaƙe saman fistin, ya danne gefensa har zoben da ke kewaye da fistin ya maƙale, ya lanƙwasa bawul, wato murfin da ke buɗe wa iska da hayaƙi hanya, ko ya fasa mazauninsa, ya kuma ja zane a bangon silinda. Wani lokaci yakan koma baya ta bawul ɗin shigar iska ya faɗa manifol, sannan ya shiga wata silindar ya maimaita ɓarnar a can.

Akwai shawarar da ake yawan ji a gareji, cewa a tayar a ba ta wuta, abin zai fice ta salansa. Gaskiya ne ɗan ƙaramin abu mai laushi, kamar ɓarɓashin gawayin da ke taruwa a ɗakin ƙonewa, yakan fice haka. Amma bawul ba ya buɗewa fiye da kimanin milimita 8 zuwa 11, kuma yana rufewa da ƙarfin sifirin a kan duk abin da ya tarar a hanya. Ko da abin ya tsallake, a motar da ke da tobo, wato na'urar da hayaƙi ke juyawa don cusa wa inji ƙarin iska, zai tarar da fukafukan da ke juyawa sau dubbai masu yawa a minti, a sauran kuma zai daki matatar hayaƙi, wadda a Najeriya ake yi wa laƙabi da indomi. Ni ban yarda a yi caca da inji sukutum don gudun aikin awa biyu ba.

Sanin abin da ya faɗa

Kafin a ɗauki wani kayan aiki, a tsaya a tabbatar da mene ne ya ɓace, domin irinsa ne zai nuna hanyar fitar da shi. Idan fulogi ne ya gutsure, a ajiye shi kusa da sabo irinsa a kwatanta, don a gane girman abin da ya ragu a ciki. Idan noti ne ko wosha, a ƙirga waɗanda aka kwance a ga ko da gaske ɗaya ya rage, a kuma haska tocila a ƙarƙashin mota da lungunan inji, saboda ba kowane abin da ya suɓuce ba ne ya shiga silinda. Ƙarfe irin na noti yana bin maganaɗisu, amma alminiyam da tagulla da roba da tangaran ba sa bi, haka ma yawancin ƙarfen nan mai sheƙi da ba ya tsatsa.

Sai kuma a lura da ƙofar da ya bi. Abin da ya faɗa ta ramin fulogi ya isa silinda kai tsaye. Wanda ya faɗa ta manifol kuwa mai yiwuwa yana zaune a bayan bawul ɗin da ke rufe, bai shiga ba tukuna, kuma juya injin ko da kaɗan ne zai buɗe masa hanya. A irin wannan hali ba a taɓa karanshaf, wato sandar da ke juyawa tare da hawa da saukar fistin, ko kusa. Sauke manifol ake yi, a karkata shi a girgiza a kan farin ƙyalle, a leƙa kowace kafa da tocila, a tsamo abin daga bayan bawul.

Shiri kafin a sa hannu

A bar injin ya huce, a cire waya mara wuta ta batir don kada wani ya murɗa makulli bisa kuskure, a kuma zare fiyus ɗin famfon mai. Kafin a kwance sauran fulogai, a hura iska a ramukansu a share yashi da ƙurar da ta taru a gindinsu, domin a ƙasashenmu masu ƙura wannan ramin ba ya rabuwa da tsakuwa, kuma babu amfanin fitar da abu ɗaya a zuba goma. Cire dukan fulogai yana sa injin ya juyu da hannu cikin sauƙi, ta yadda duk wata turjiya da aka ji za a san ta baƙon abin ce, ba ta matsin iska ba. A toshe ramukan da ba a aiki a kansu da tsabtataccen ƙyalle babba wanda ba zai iya nutsewa ciki ba.

Kayan aikin da ya fi kowanne amfani a nan shi ne ƙaramar kyamarar nan mai doguwar waya da fitila a baki, wadda ake jona wa wayar hannu. Akwai mai kaurin milimita 8 da mai 5.5, kuma ƙaramar ta fi, saboda tana barin wuri a zura wani abu tare da ita. Ramin fulogi mai zaren milimita 14, wanda shi ne ya fi yawa, faɗin cikinsa kimanin milimita 12 da rabi ne kawai, sababbin motoci da dama kuma suna amfani da mai 12 ko 10. Idan kyamarar tana da ɗan madubi ko ƙugiya da ake ɗaura mata a baki, a tabbatar ya ɗauru sosai, don an sha ganin madubin da aka zura neman noti shi ma ya zauna a ciki.

A fara dubawa ba tare da an juya injin ba. Abin yakan gangara zuwa gefen da ya fi ƙasa, musamman a injin V6 da V8 da silindarsu ke kishingiɗe, ko ya kwanta a ɗan kwarmin da aka yi wa bawul a saman fistin. A injin dizal akwai kwano a tsakiyar fistin, kuma nan ne ya kamata a fara leƙawa. Idan fistin yana sama sosai har kyamara ba ta ganin komai, sai a sa sifana a babban notin fulin karanshaf a juya a hankali ƙwarai, ana kallon fistin yana sauka, a tsaya nan take da zarar an ji ya cije. Yawancin injuna suna juyawa ne yadda hannun agogo ke tafiya idan ana kallon fulin, amma tsofaffin Honda masu silinda huɗu, kamar Accord na kafin 2003, akasin haka suke juyawa, don haka a tabbatar da hanyar kafin a murɗa. Wurin da ya fi dacewa a tsayar da fistin shi ne tsakiyar silinda ko ƙasa kaɗan, a lokacin da bawul duka biyu ke rufe, don kada abin ya lallaɓa ya maƙale a bakin ɗaya daga cikinsu.

Hanyoyin tsamo shi

Idan ƙarfe ne, maganaɗisu mai lanƙwasasshen hannu shi ne na farko. A gwada ƙarfin kansa da yatsa kafin a zura, a kuma shigar da shi sannu, saboda zai riƙa manne wa bangon silinda idan bangon na ƙarfe ne. Wahalar takan zo ne a bakin fita: dogon abu kamar ƙusa yana shiga a miƙe amma ya manne a gicciye, sai ya daki bakin ramin ya sake faɗawa. Maganin wannan haƙuri ne, a riƙa sake kama shi har a dace da ƙarshensa, ko a yi amfani da ɗan matsefi mai farata huɗu da ake dannawa daga sama. Kada a fizgo da ƙarfi idan ya cije a zare, domin zaren tof na alminiyam saurin lalacewa gare shi.

Tangaran na fulogi shi ne ya fi ba da wahala, kuma shi ne mutane suka fi rainawa saboda farinsa da rashin nauyinsa. Da sinadarin alumina ake yin sa, irin wanda ake yin dutsen wasa wuƙa da takardar goge ƙarfe da shi, ya kuma fi ƙarfen silinda da na zobe tauri. Idan fistin ya niƙa shi, ba ƙonewa yake yi ba, rugurgujewa yake yi ya zama gari mai kaifi wanda ke shiga tsakanin zobe da bango yana karta. Tun da maganaɗisu ba ya ɗaukarsa, sai a koma ga tsotsa da manni. A sami siririn tiyo mai laushi wanda zai shiga ramin ya kuma bar sarari, a ɗaure shi da salatif a bakin na'urar tsotse ƙura, a zura ana jujjuya shi har bakinsa ya zagaye gefen fistin duka. Yana da kyau a sa ɗan yanki na siririn ƙyalle a mahaɗar tiyon ya zama rariya, don a ga abin da aka tsotso a haɗa shi da fulogin da ya karye. Amma a kiyaye: idan silindar tana warin fetur, kada a kunna na'urar lantarki a kanta, saboda tartsatsin motarta na iya kama tururin mai, a bari ta sha iska ta bushe tukuna.

Gutsuren da ya ƙi tsotsuwa ana iya ɗauko shi da giris mai kauri da aka shafa a bakin tiyo ko a kan doguwar robar ɗaure waya. A dangwala, a ɗago a hankali, a goge a kan farin ƙyalle, a sake shafawa, har sai giris ya riƙa fitowa babu komai a jikinsa. Ba a amfani da auduga ko cingam ko ashana, domin duk abin da zai iya yankewa ya zauna a ciki ƙarin aiki ne. Iskar kwamfureso tana da amfani ga ƙananan ɓarɓashi, da sharaɗin a sa dogon bututu siriri ya kai har kan fistin, yadda iskar za ta taso daga ƙasa ta fito da dattin ta ramin fulogi, kuma bawul ɗin shigar iska ya kasance a rufe. A sa tabarau, don abin da ke fitowa harbi yake yi. Idan bayan duk wannan ana ganin gari-gari a gefe, ana iya zuba ɗan mai marar kauri ya wanke, a zuƙe shi tas da babban sirinji da tiyo, a maimaita sau biyu ko uku, sannan a canza baƙin mai daga baya, saboda wani zai tsiyaya ta gefen zobe.

Ma'aunin gama aiki guda ɗaya ne: abin da aka fitar ya cike gurbin abin da ya ɓace. Idan an jera gutsattsarin tangaran aka ga akwai babban giɓi, aikin bai ƙare ba, ko da kyamara ba ta nuna komai ba.

Wanda zai gyara zaren fulogi ba tare da sauke tof ba, shi da kansa zai haifar da ɓarɓashi, don haka ya cika ramukan abin yanka zaren da giris, ya riƙa shiga kaɗan yana fitowa yana gogewa, fistin yana ƙasa, bawul a rufe, sannan ya tsotse ya duba. Ɗan ƙaramin ɓawon alminiyam ba shi da haɗari sosai, amma ɗan harshen ƙarfen da ake karyewa a ƙarshen sabon zaren da aka dasa a madadin wanda ya lalace dole ne a ga fitarsa da ido.

Ruwa da ƙura

Ruwa ma baƙo ne a silinda, kuma ya fi noti saurin kashe inji, domin ba ya matsuwa kamar iska. A ɗauki inji mai lita 2 da silinda huɗu: kowace silinda tana shaƙar mililita 500, idan kuma matsinta goma bisa ɗaya ne, sararin da ke rage a sama kimanin mililita 56 ne kawai, wato abin da bai cika ƙaramin kofin shayin Buzaye ba. Ruwan da ya wuce wannan zai tsayar da fistin cak, ƙarfin juyin kuma ya sauka a kan sandar da ke haɗa fistin da karanshaf ya lanƙwasa ta. Duk motar da ta mutu a tsakiyar ruwan damina, ko wadda ta kwana a ambaliya irin wadda ta mamaye Maiduguri a Satumban 2024, ba a gwada tayar da ita. A buɗe gidan matatar iska. Idan a jiƙe take, a ɗauka ruwa ya shiga. A cire fulogai duka, ko hita-fulogi ko nozul idan dizal ce, a zubar da ruwan da ke cikin bututun iska da manifol, a zuƙe na silinda da sirinji, a juya injin da hannu zagaye biyu. Idan ya juyu lafiya, a nan ne kaɗai ya halatta a buga kik ramuka a buɗe, an kashe mai da wutar kwayil, don ragowar ruwan ya feso waje. A ɗiga ɗan mai a kowace silinda saboda tsatsa, a canza baƙin mai da matatarsa kafin a tayar, a sake canzawa idan ya koma launin shayi da madara. Ruwan ambaliya yana ɗauke da laka, don haka kada a jinkirta wannan aiki kwanaki.

Ƙura kuwa ba a tsamo ta, hana ta shiga ake yi. Matatar iska da ta yage, ko wadda aka hure da iska mai ƙarfi har ta huje, ko bututun roba da ya tsage a bayan matata, duk suna barin yashin hunturu ya shiga ya gauraya da mai ya riƙa cin zobe da bango a hankali, har mota ta fara shan baƙin mai tana fitar da shuɗin hayaƙi. Wanda ya shafa yatsa a cikin bututun da ke bayan matata ya ji ƙura, ya san akwai ɓaraka a wani wuri.

Idan an riga an tayar da injin

Alamun ba sa ɓuya: ƙara mai kaifi kamar ana buga ƙarfe da guduma, tana ƙaruwa da juyin inji, mota tana girgiza, wata silinda ta daina kama wuta. A kashe nan take, a jawo motar maimakon a tuƙa ta. Fulogin da bakinsa ya haɗe ko ya lotse shi ne ke nuna silindar da abin ya faru, amma a leƙa dukansu da kyamara. Ba kullum daga hannun makanike abin ke fitowa ba, wani lokaci injin ne ke cin jikinsa. Injin Nissan mai lita 2.5 na Altima daga 2002 zuwa 2006 ya yi suna da rugujewar matatar hayaƙin da ke manne da manifol, garinta ya koma silinda, da kuma kwancewar ƙananan sukurori a manifol ɗin shigar iska. Injunan dizal na BMW samfurin M47 da M57 an san su da karyewar 'yan faifan da ke juya iska a manifol, injin Ford mai lita 5.4 da bawul uku na 2004 zuwa 2008 kuma fuloginsa ne ke rabewa biyu wajen kwancewa. Mai riƙe da irin waɗannan motoci na hannu ya kamata ya san haka, domin idan ba a kawar da tushen ba, gyararren inji ma zai sake haɗiyar abin.

Bayan duba da ido sai gwajin matsi. Lafiyayyen injin fetur yakan ba da matsin kimanin 10 zuwa 14 a ma'aunin bar, kuma abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi goma cikin ɗari. Silindar da ta gaza sai a hura mata iska ta ramin fulogi, fistin yana sama bawul a rufe, a saurara: idan iskar tana fita ta bakin shigar iska ko ta salansa, bawul ne ya lanƙwashe, idan ta wurin zuba baƙin mai ne, zobe ko fistin ne, idan kumfa ce a lagireto, gaskit ne ko tsagewar tof.

Sauke tof ya zama wajibi idan matsi ya faɗi, ko an ga abin ya nutse a jikin fistin, ko an kasa fitar da shi, ko an kasa tabbatar da cewa ya fita. Da an buɗe, a kifa tof ɗin a gefe a zuba kananzir a kafofinsa. Bawul ɗin da ya bar kananzir ya tsatso ba ya rufuwa. A ja farce a bangon silinda, zanen da farce ya kama ya yi zurfin da sai an kai bulok wurin masu gyaran bango. Ƙananan tabo a tsakiyar fistin ana iya goge kaifinsu a bar shi, saboda tsini ne ke yin ja ya kunna mai kafin lokaci, amma lotsewa a gefe, daidai saman zobe na farko, tana nufin a zaro fistin a duba. A kuma auna tsayin da kowane fistin ke kaiwa a ƙololuwa, wanda ya gaza 'yan'uwansa sandarsa ta lanƙwashe. Wajen kankare tsohon gaskit kada a yi amfani da faifan gurza na inji, don garinsa ma alumina ne, yana bin ramukan mai ya cinye metal, wato faifan da karanshaf ke juyawa a kai. A wanke manifol da bututun iska da na'urar sanyaya iskar tobo, a sa sabon gaskit, a canza kusoshin tof idan irin masu miƙewa ne da ba a ɗaurawa sau biyu, a ɗaure bisa jeri da ma'aunin da littafin motar ya faɗa.

Ko an buɗe tof ko ba a buɗe ba, kafin a mayar da batir a ƙirga ƙyallayen da aka toshe ramuka da su da kayan aikin da aka yi amfani da su, a juya injin da hannu cikakken zagaye biyu, wanda shi ne ke kai kowane bawul ga buɗewa da rufewa sau ɗaya. A fara ɗaura fulogi da yatsu kafin a sa sifana, mai zaren milimita 14 a tof na alminiyam yawanci ana tsayawa a kusan Nm 25 zuwa 30 a ma'aunin ƙarfin ɗauri. A tayar a bar shi a tsaye ba tare da taka totur ba, kunne yana kan inji, hannu yana kan makulli. Idan ya yi zafi bai yi wata baƙuwar ƙara ba, a yi ɗan gajeren zagaye, bayan 'yan kwanaki kuma a sake cire fulogin wannan silindar a duba bakinsa, a zura kyamara a ga ko wani sabon tabo ya bayyana a saman fistin.